Ragon da Ƙuri'a Ta Ba Ni

A Guangzhou akwai wani lokaci, tsakanin fitar sanyi da shigowar zafi, da bango yake gumi. Ba ruwan sama ne mai yawa ba, iska ce take tasowa daga teku a jiƙe ta kwanta a kan komai. Zanin da na shanya yau, jibi in na taɓa shi kamar yanzu na matse shi. A masaukinmu na Sanyuanli sai da dafa bango ake tafiya saboda santsi, shi ma bangon in ka ɗaga hannu sai ka ga ruwa. Na daɗe ina zuwa sarin kaya garin nan, kuma kullum ina kauce wa wannan lokacin. Bana ban samu ba. Kwantenarmu ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Nansha, dole na zauna jira.

Shekaranjiya muka shiga kasuwar Canaan ni da Hajiya Memuna, 'yar Kumasi da muke ɗaki ɗaya. Rigunan sanyi take nema masu kyau, wai tana da masu saye in za su Turai. Mai shagon ta fara da "meyo, meyo", wato babu, sai kuma ta shiga ciki ta fito da wata a leda. Ta ce wannan ba ta roba ba ce, ta ulun Merino ce zalla. Danshi ya riga ya shiga rigar. Tana farke ledar warin jiƙaƙƙen ulu ya bugi hancina. A wuyan rigar ga hoton rago mai naɗaɗɗen ƙaho, fatar wuyansa ninki a kan ninki.

"Hajiya Asabe, lafiya?" in ji Memuna. "Fuskarki ta canza."

"Lafiya lau. Ki gama, ina waje."

Na ce wa mai shagon shiye-shiye, wato na gode, na fito na zauna a bakin matakala. Na san ragon nan. Ya kwana a gidana kusan shekara, sama da shekara talatin da suka wuce, a ƙauyenmu da ke arewa da Kano.

Lokacin ina gidan Malam Habu, da 'ya'ya biyu ƙanana. Da za a kawo ni, Inna ta ba ni tumaki biyu cikin nata, ta ce in riƙe su da kyau. Na riƙe. Kafin shekarar da nake magana sun kusa goma, ga rago Balami fari tas da na raina da hannuna, yara suna ce masa Ɗan Lele. A wurinmu tumakin mace su ne rumbu na biyu. In marka ta kankama, ruwa ya ƙi ɗaukewa, hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba, sai a ja ɗaya kasuwa a dawo da gero. Haka muke tsallake kowace damina. Kuma kakar da ta gabata ba ta yi kyau ba, kowa ya san rumbu ba zai kai ba.

Bayan an gama girbi sai ga mota da ma'aikatan kiwo daga birni. Aka tara mu a ƙofar gidan dagaci, maza a gaba, mu mata masu dabbobi a gefe. Wanda ya yi bayani shi ne Malam Isiyaku, malamin dabbobi, siriri mai sanyin murya. Ya ce sun kawo raguna uku daga wata ƙasa mai nisa, Merino ake ce musu, gashinsu ulu ne da ake saƙa bargo da rigar sanyi. Ana so a haɗa su da tumakinmu a samu iri mai nama da ulu. Sai dai su kansu ba su san wanne ya fi ba cikin ukun.

"Kallon rago ba ya gaya mana komai," ya ce. "Sai ya yi barbara, an haihu, mun auna 'ya'yan, mun ga girmansu da lafiyarsu da ulunsu. Wanda 'ya'yansa suka fi, shi za a yaɗa."

Sannan ya faɗi sharuɗɗa. Duk ragon gari sai a dandaƙe shi, don kada a rasa sanin uban kowane ɗa. Tumakin kowane rago za su zauna a shinge ɗaya, ba kiwo a daji. Ba a sayar da uwa ko ɗa, ba a aske ɗa, sai bayan awon ƙarshe a kaka mai zuwa. Su kuma za su ba da dusa da magani kyauta, 'ya'yan namu ne, kuma za a zo sayen ulu har gida.

Da muka koma gida maigidana Malam Habu ya ce, "Asabe, dabbobinki ne, ban isa in tilasta miki ba. Amma dagaci ya sa baki. Kuma in gida ɗaya ya ƙi, ragonsa zai ɓata wa kowa."

Ma'ana dai babu mai ƙi. Washegari aka kayar da Ɗan Lele a ƙofar gida, aka matse shi da wani ƙarfe mai kama da filaya. Ya tashi yana tafiya a buɗe, ya je jikin katanga ya tsaya, ya ƙi cin harawa.

Gida uku masu tumaki da yawa aka zaɓa su riƙe ragunan, maƙwabta su kawo nasu tumakin can. Akwai gidanmu, akwai gidan Kande, aminiyata tun muna tallar fura, sai wani gida a unguwar yamma. Aka sa tsinke uku a hula, kowa ta zaro. Nawa ya faɗa a kan wanda kowa yake so. Shi ne babba, ulu ya rufe masa har idanu, fatar wuyansa da ƙirjinsa ta naɗu kamar an yi masa rawani. Nan take gari ya sa masa Mai Rawani. Na Kande kuwa fuskarsa a buɗe, wuyansa sumul, ba shi da wani kwarjini. Aka sa masa Talaka.

Kande ta matso kusa da malamin. "Malam, ba a musaya?"

"Ba a yi. Abin da ƙuri'a ta ba ki shi ne naki."

Na ja ragona gida mata suna yi mini barka. Maƙwabtana suka ce hannuna yana da albarka.

Bazarar shekarar ta yi zafi. Mai Rawani ya gama aikinsa, tumaki duk sun ɗauki ciki, shi kuma ya koma haki, harshe a waje tun hantsi. Malam ya kafa masa rumfar zana. Rijiyarmu ta ja baya, sai an jira ruwa ya taru, kuma tulun farko nasa ne, domin an ce in ya mutu a hannunmu gwajin ya lalace. Sai ya sha, na yayyafa masa a ƙarƙashin rumfa, sannan in koma in ɗebo namu. Dab da saukar ruwa ma'aikatan suka zo da almakashi suka yi wa ragunan uku aski tas, suka ɗura musu magani. Ranar na ga ainihin jikinsa, fata ce kawai ta yi masa yawa, duk ta tattare.

Aka yi ruwan shuka, tumaki suka fara haihuwa. Ban taɓa ganin 'yan tumaki masu kyau irin waɗannan ba. Gashinsu a murɗe, laushi kamar auduga, kowanne da ɗan rawanin ubansa a wuya. Har daga ƙauyukan gefe ake zuwa kallo. Malam Isiyaku ya huda musu kunne ya sa lamba, ya rataya kowanne a sikeli. A makon ne hatsi ya yi ƙasa, na ba da Ɗan Lele aka kai kasuwa, tunda shi kaɗai ne sharaɗi bai hau kansa ba. Geron da aka samo ya kai mu noman farko da maimai, daga nan ya ƙare.

Sai marka ta sauka. Sama ta rufe, ruwa yana zuba siriri-siriri ba tsayawa, in ya ɗauke da azahar kafin la'asar ya dawo. Tunkiyar ƙasarmu in ruwa ya dake ta, girgiza ɗaya take yi ta bushe. Waɗannan kuwa ulunsu ya sha ruwa ya riƙe. Cikin ninkin wuyansu ba ya bushewa ko kaɗan. Fatar ta fara ja, ta koma kore-kore, ta fara wari. Ƙudaje suka gano. Wata safiya na ga wata 'yar tunkiya tana ta juya kai tana cizon iska, na buɗe ninkin wuyanta da yatsa, sai tsutsa fal, suna motsi cikin nama.

Daga ranar aikina ya zama ɗaya. In na idar da sallar asuba sai in shiga shinge, caɓi har idon sawu, in kama su ɗaya bayan ɗaya, in buɗe kowane ninki, in zaƙulo tsutsa da tsinke, in zuba toka da kanwa, in akwai kalanzir in ɗiga. Ulun da ya rufe musu ido ya kama ƙarangiyar da ke cikin ciyawar da muke yanko musu, wasu ba sa ganin nonon uwarsu sai na kai bakinsu. Daga nan in bi Malam gona. In na dawo in tsinko tafasa a bayan gari, in dafa, in kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu. Da yamma in kwaso waɗanda suka fi jin jiki in shigar da su ɗakina, in hura ɗanyen itace, hayaƙi ya cika ɗaki, yara suna tari, su suna tari. Zannuwana, tabarmata, gashin kaina, duk warin nan ne. Da gari ya waye kuma sabuwar tsutsa.

A nan Sanyuanli akwai injin busar da kaya a ƙasan bene, kana sa riga ka je ka ci shinkafa a gidan abincin 'yan Nijar, ka dawo ka tarar da ita da ɗumi. Jiya Memuna tana ta mita wai abayarta tana warin danshi, ba za ta iya kwana da shi ba. Na ce mata ta kai ƙasa.

Mu a lokacin abinci sau ɗaya ne a yini. Buhun dusar da aka kawo wa Mai Rawani yana rataye a zaure, an ce nasa ne shi kaɗai. Na fara tankaɗe ta, ina tsince ɗan tsakin da ke ciki ina yi wa yara fate da rama. Ƙaramin yakan tsaya a bakin rumfa yana kallon ragon yana cin ragowar. Shi kuwa Mai Rawani lafiyarsa ƙalau, an aske shi, yana kan busasshiyar ƙasa, har ƙiba ya yi.

Rafi ya cika ya yanke hanya, motar magani ba ta ƙara zuwa ba. Malam Isiyaku dai ya zo, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da ƙafa ya ratso ruwan, wando a naɗe, sikeli a ka. Ya shiga shingen ya ga abin da ake ciki, ya fito. Na same shi a zaure, Malam Habu yana zaune.

"Malam Isiyaku, ka bar ni in aske su. In iska ta shiga fatar za su tashi."

"Malama Asabe, ulun ne abin da za a auna. In kin aske, sun fita daga gwaji, kuma duk gidajen da suka kawo tumaki nan sun fita tare da ke. Ba dusa, ba magani, ba sayen ulu."

"Yanzu ma ina maganin?"

Ya sunkuyar da kai. "Na rubuta, na sake rubutawa. Hanya ce."

"To ka bar ni in sayar da uwa ɗaya. Yarana tafasa suke ci."

"Ba ni da ikon wannan. Na rantse miki ba ni da shi."

Ya auna waɗanda suka rage. Da zai tafi ya ce duk wanda ya mutu in yanke lambar kunnensa in ajiye masa, kuma in tuna ranar. Ya zura hannu a aljihu ya ba yara ƙosan da ya yi guzuri, ruwa ya jiƙa shi.

Na tambayi maƙwabtana ko za su yarda a aske. Suka ce a'a, an kusa kaka, a daure, kada wahalar ta tashi a banza. Ban ga laifinsu ba, kowa yana hangen kuɗin ulu. Amma gaisuwarsu ta canza. Masu cewa hannuna yana da albarka suka koma cewa ai hannuna ne ya zaro tsinken.

'Yan tumakin suka riƙa mutuwa, yau ɗaya, jibi biyu. Ina yanke lamba ina jefawa a gwangwanin madara. Sannan abin ya koma kan iyayen. Tunkiyar da ta saba yawo a tudu, an tsare ta wata da watanni cikin caɓi da kashi, kofatonta ya ruɓe. Suka koma cin ciyawa a durƙushe a kan gwiwa. Wadda ta kasa tashi sai Malam ya sa mata wuƙa kafin ta mutu, naman ruwa-ruwa, mahauci ma ya ce ba ya so. Cikin waɗanda aka yanka har da 'yar baƙin kunne, ɗaya daga cikin biyun da Inna ta ba ni.

Gidan Kande kuwa, daga bayan katangarmu ina jin 'ya'yan Talaka suna tsalle. Wuyansu sumul irin na ubansu, ruwa ba ya samun wurin kwanciya, idanunsu a buɗe. Ta yi asara ita ma, amma kaɗan. Wata rana ta shigo da gero a ƙwarya, ta ajiye a bakin ɗakina, ta leƙa shingen.

"Asabe, ni ce fa na nemi musaya," ta ce a hankali. "Da an yarda, da ni ce a nan."

"Na sani."

"Ki karɓa, don yara."

Na karɓa, na yi godiya. Amma ban iya ɗaga ido na kalle ta ba, kuma daga ranar ba mu sake zama mun yi hira irin ta da ba. Ba ta yi mini komai ba. Har ta rasu ban daina jin nauyin hakan ba, kuma ban iya gyarawa ba.

Ruwa ya ɗauke, gero ya nuna, muka ci tumu. Cikin nawa abin da ya rage tumaki biyu ne masu ɗingishi da 'yar tunkiya ɗaya. Inna ta zo ganin jikoki, ta tsaya a bakin shinge tana kallon turakun da ba kowa. Ta ce, "Ina 'yar baƙin kunne?" Na gaya mata. Ta gyaɗa kai, ta shiga ɗaki, ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma.

Bayan awon ƙarshe aka sake tara mu a ƙofar gidan dagaci. Wannan karon har da babban shugabansu daga birni, mai babbar riga da tabarau. Na miƙa wa Malam Isiyaku gwangwanin, ya juye lambobin a tafin hannunsa ya kasa kallona. Shugaban ya miƙe ya ce gwaji ya yi nasara. Talaka ne na ɗaya, na unguwar yamma na biyu. Mai Rawani ya faɗi, ba za a sake ba shi tunkiya ba har abada.

"Ina matar da ta riƙe na ukun?" ya tambaya.

Aka nuna ni. Na miƙe.

"Baiwar Allah, ke muka fi gode wa. Da ido kowa shi zai zaɓa, har ni. Ba don tumakinki ba, da shi za mu yaɗa a lardin nan gaba ɗaya, a yi asarar da ba ta misaltuwa. A irin wannan aikin dole wani ya riƙe marar kyaun. Aikinki ya fi na kowa amfani."

Aka tafa mini. Har dagaci ya tafa. Ban ji ƙarya a maganarsa ba ko ɗaya, kuma na ga da zuciya ɗaya ya faɗe ta. Na tsaya ina jira ya ce wani abu a kan tumakina, sai na ga ya juya yana gaisawa da limami.

Ranar suka sa Talaka da na unguwar yamma a mota suka tafi da su, suka ce za a dawo da masu sayen ulu. Ba a dawo ba. Daga baya muka ji an rufe shirin. Suka bar gari babu rago ko ɗaya mai barbara, sai da aka je rugar Fulani aro. Ni ban jira ba. Na sayar da ukun da suka rage, na sayi dilar gwanjo ta farko, daga nan Kano, daga Kano har inda nake zaune yau. Ban sake ɗaure dabba a gidana ba. Ko na layya ranar jajibiri ake kawo mini.

Amma kafin motar ta tashi, shugaban ya ce tunda Mai Rawani ba shi da sauran amfani, a yanka shi a yi wa gari walima. Tunda kuma a gidana yake, ni aka ce in dafa. Malam ne ya kayar da shi a ƙarƙashin rumfarsa. Da aka feɗe, kitse ne fari har ya rufe ƙoda. Na soya, na yi miya, aka fitar da akushi-akushi ƙofar gida. Aka bar mana cinya ɗaya, wai ladan wahala.

Na zuba wa yara, suka ci har maiƙo yana bin gwiwar hannunsu. Malam ya ce, "Asabe, in ba za ki iya ba, ki bari."

Na ce zan ci. Na zauna a bakin murhu ina fuskantar shingen, na ɗauki tsoka na sa a baki. Na so a ce ɗaci zan ji, ko wari, ko zuciyata ta tashi in tofar. Ban taɓa cin nama mai daɗinsa ba, kafin ranar ko bayanta. Na cinye, na ƙara.